Sarrafa Cibiyar Adana Bayanai Bisa Hidima

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya kammala sakandare a Rano ko Kibiya ba ya samun gurbi a kwalejin ilimi sai ya ratsa ta hannun na'urorin da bai taɓa gani ba. Lambarsa ta ɗan ƙasa, da rajistar jarrabawar JAMB, da sakamakon da ke shigowa wayarsa, duk daga wasu gine-gine suke fitowa waɗanda ake kira cibiyoyin adana bayanai. Tun daga 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, ita ma jarrabawar da hukumar rajistar malamai ta ƙasa ke yi wa masu shiga aikin koyarwa ta kwamfuta ce. Wannan darasi zai duba yadda ake tafiyar da irin waɗannan cibiyoyi, da sauyin da aka samu daga kula da kowace na'ura ita kaɗai zuwa kula da hidimar da jama'a ke jira.

1.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Cibiyar adana bayanai gini ne da aka tara manyan kwamfutoci a cikinsa, aka tanadar musu wutar da ba ta yankewa, da na'urorin sanyaya ɗaki, da layukan intanet fiye da ɗaya. Kowace daga cikin waɗannan kwamfutoci ana kiranta uwar garke, wasu kuma su ce saba. Aikinta shi ne amsa buƙatun ƙananan kwamfutoci da wayoyin hannu. Akwai irin wannan cibiya a birnin Kano, ta kamfanin gwamnatin tarayya Galaxy Backbone, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairun 2023.

Ita kuwa hidima, ita ce cikakken aikin da mutum ya zo nema, kamar yin rajista ko duba sakamako. Hidima ɗaya takan rataya ne a wuyan uwayen garke da yawa: wata na karɓar buƙata, wata na riƙe da rumbun sunaye, wata na tabbatar da biyan kuɗi, wata kuma na aika saƙo. Sarrafa kai shi ne a ɗora wa manhaja ayyukan da ma'aikaci ya saba yi da hannunsa, ta riƙa yin su bisa ƙa'idar da aka rubuta mata.

1.2 Tsohon Tsari da Sabo

A tsohon tsari, kowace uwar garke tana da sunanta da mai kula da ita. Ma'aikaci zai shiga cikinta ya sa manhaja, ya yi gyara, sannan ya wuce ta gaba. Wannan ya wadatar lokacin da na'urorin ba su wuce goma ko ashirin ba. Da suka kai ɗaruruwa, sai mantuwa ta shigo: a gyara casa'in da tara a tsallake ɗaya, kuma babu mai lura sai ranar da aka dogara da ita.

Domin fahimtar sabon tsari, a dubi tashar mota ta Rano da safe. Fasinjan da zai je Kano ba ya tambayar lambar mota. Buƙatarsa ita ce ya isa. 'Yan kamasho sun jera motoci bisa layi. Wadda ke kan layi ita ake lodi, idan ta cika ta tashi ta bayanta ta matso, idan kuma ta ƙi tashi sai a ture ta gefe a kwashe fasinja zuwa wata. Ranar kasuwa a ƙara motoci, ranar da babu jama'a wasu su huta. Abin da tasha ta ɗauki alkawarinsa shi ne zuwa Kano, motoci kuwa masu sauyawa ne. To haka cibiyar zamani take. Injiniya yakan rubuta bayanin hidimar ne a cikin fayil guda: wace manhaja za ta yi aiki, kwafinta nawa ake so a kowane lokaci, da me take magana, kuma ta yaya za a gane tana da lafiya. Daga nan manhajar sarrafawa ta ɗauki ragama. Tana kwatanta abin da aka rubuta da abin da ke gudana ba dare ba rana. Idan an ce kwafi shida ta tarar da biyar, sai ta tayar da na shida a kan duk na'urar da ke da sarari, ba tare da an tashi kowa daga barci ba. Fitacciya a cikin irin waɗannan manhajoji ita ce Kubernetes, wadda kamfanin Google ya fitar a 2014 bisa gogewar da ya samu daga tsarinsa na cikin gida mai suna Borg. Kafin ita akwai Puppet da Ansible, masu tabbatar da cewa an saita na'urori da yawa iri ɗaya.

Injiniyoyin Amurka sukan kwatanta wannan sauyi da bambancin dabbar da ake lele a gida da shanun garke, wai su shanu ba a san ɗaya daga ɗaya ba. Malami ya yi hattara da wannan misali a ajin da ke da 'ya'yan makiyaya, domin Bafulatanin dajin Kibiya ya san kowace saniyarsa da sunanta da halinta. Misalin tasha ya fi zama daram a ƙasar Hausa.

1.3 Abin da Ya Faru a Jarrabawar 2025

Ranar 14 ga Mayun 2025, magatakardan JAMB na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban manema labarai ya nemi gafara. Ya bayyana cewa an yi wani gyara a manhajar jarrabawa, amma ma'aikatan kamfanin da ke kula da shiyyar Legas ba su sanya shi a kan wasu uwayen garke ba. Abin ya shafi cibiyoyi 157 a Legas da jihohi biyar na kudu maso gabas, kuma ɗalibai 379,997 aka ce su sake rubuta jarrabawa daga ranar 16 ga watan. Cibiyoyin Jihar Kano ba sa cikin waɗanda aka lissafa.

Abin lura a nan shi ne, na'urorin da aka tsallake ba su mutu ba. Suna kunne, ɗalibai sun zauna sun amsa tambayoyi sun tashi. Duk wanda ya duba lafiyar ƙarfe zai ce lafiya ƙalau. Cutar tana wajen da na'urori masu hidima ɗaya suka zama iri biyu. A tsarin da aka gina bisa hidima, sigar manhaja tana cikin bayanin da aka rubuta, saboda haka duk uwar garken da ke ɗauke da tsohuwar siga sai manhajar sarrafawa ta gyara ta ko ta fitar da ita daga layi. Wato ke nan aikin tunawa ya tashi daga kan mutum ɗaya mai gajiya.

1.4 Auna Hidima

Wanda ya koma kula da hidima dole ma'auninsa ya sauya. Tambayar ko na'ura tana kunne ta zama ƙarama. Babbar tambaya ita ce, cikin mutum dubu da suka nemi abu, nawa suka samu, kuma cikin daƙiƙa nawa? Akan rubuta alkawarin hidima da kaso. Idan aka ce kashi 99.9 cikin ɗari, an yarda ke nan ta tsaya na kimanin awa 8 da minti 46 a shekara. Idan aka ce 99.99, abin ya dawo kimanin minti 53. Amma lokutan ba darajarsu ɗaya ba: awa guda a tsakar dare ba ta kama ƙafar awa guda a ranar rufe rajista ba.

Zaɓen ranar 25 ga Fabrairun 2023 ya nuna haka. A wannan rana masu zaɓe a mazaɓar tarayya ta Rano da Bunkure da Kibiya, kamar sauran 'yan ƙasa, sun jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa da ta 'yan majalisar tarayya. Takardun sakamakon majalisa sun riƙa hawa shafin IReV, na shugaban ƙasa kuwa suka ƙi hawa har dare. A rahoton da hukumar zaɓe ta INEC ta fitar a 2024, ta ce an tsara rumbun ne jiha-jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuma ba na wata jiha ba ne, don haka manhajar ta kasa samar masa mazauni. 'Yan siyasa sun yi ta jayayya kan wannan bayani, kuma ba hurumin darasin nan ba ne ya raba gardamar. Abin da ya shafe mu shi ne, irin wannan matsala ba ta bayyana sai an bi hidimar tun daga farkonta har ƙarshenta, a ɗora takardar gwaji ta kowane irin zaɓe a ga ta isa.

1.5 Iyakar Sarrafa Kai

Kada ɗalibi ya ɗauka manhaja tana da hankali. Abin da aka rubuta mata shi take aiwatarwa, kuma da saurin da take yaɗa gyara da shi take yaɗa kuskure. Ranar 4 ga Oktoban 2021, umarni guda da aka bayar yayin aikin gyara ya katse cibiyoyin kamfanin Facebook daga intanet, har Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kimanin awa shida a duniya baki ɗaya. Shi ya sa ƙwararru ba sa sakin sabon gyara a lokaci guda. Sukan fara da ƙaramin kaso na na'urori, su auna, sannan su faɗaɗa, tare da ajiye hanyar komawa tsohuwar siga. A ƙasarmu kuma akwai ƙarin sharaɗi: duk kyan tsarin cibiyar da ke Kano ko Abuja, idan wuta ta ɗauke ko layin sadarwa ya yanke a ƙauyen da mai buƙata yake, hidima ba ta isa ba.

1.6 Jinga

1. Bambanta uwar garke da hidima, tare da misali daga rajistar da ka taɓa yi.
2. Lissafa awannin da hidima mai alkawarin kashi 99.5 cikin ɗari za ta iya tsayawa a shekara.
3. Tattauna dacewar kalmar uwar garke, ganin cewa a yau su kansu uwayen garken ne suka zama garke. Kawo wata kalma da kake ganin ta fi, ka kare ta.
4. Tsara darasi na minti arba'in ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare a kan wannan batu, da misalin da ba na tashar mota ba.