Yadda Ɗalibin Kimiyya Zai Auna Kansa Kafin Ya Nemi Jami'a

 A ajinmu na kimiyya, in malami ya tambaya wa ke son ya zama likita, sai ka ga hannuwa sama kamar karan dawa a gona. In ya ce a wace jami'a, amsa ɗaya ce, wato Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru. Wannan buri ne mai kyau ƙwarai. Amma buri daban, lissafi daban. Shi ya sa na zauna da malaminmu mai ba da shawara a kan sana'o'i, na kuma tambayi wasu yayyenmu da suka riga mu fita, don in san yadda mutum zai auna kansa tun yana makaranta. Abin da na fahimta shi ne zan kawo muku.

Yawancinmu tambayar da muke yi ita ce, "Maki nawa ne ake ci da shi?" Ashe tambayar da ta fi wannan amfani ita ce, "Gurabe nawa ne, kuma mutum nawa ne ke gabana?" Shiga fannin likita ba kamar cin jarrabawar aji ba ne, inda duk wanda ya kai hamsin ya haye. Layi ne ake ja, a ɗebi na gaba har kujeru su ƙare. Saboda haka ma'auni uku ne za mu duba: takardunmu, makinmu, da kuma layin da muke ciki.

Ma'auni na farko shi ne takardar kammala sakandare, ko ta WAEC ko ta NECO. Mai neman likitanci dole ya sami kiredit biyar, a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Wasu jami'o'in ma sai in a zama ɗaya aka samo su duka. Wannan takarda ƙofa ce kawai. Wanda ba shi da ita, ko da ya fi kowa maki a jarrabawar shiga jami'a, a waje zai tsaya. Wanda yake da ita kuwa bai ci komai ba tukuna, ya dai sami izinin shiga layi ne. Ina jawo hankalin abokaina da ke raina darasin Turanci, suna cewa ai su 'yan kimiyya ne. Turancin nan shi kaɗai yana iya mayar da mutum gida shekara guda.

Ma'auni na biyu shi ne jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a shekarar 1978. Tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya. Darussa huɗu ne, kowane maki 100, jimla 400. Turanci dole ne ga kowa. Mai son likitanci ya ƙara da Bayoloji da Kimistiri da Fiziks, mai son injiniya kuwa ya ƙara da Lissafi da Fiziks da Kimistiri. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran ukun 40 kowanne. In kuka raba za ku ga daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya, har da ta Fiziks mai bukatar lissafi.

To, yaya mutane ke ci? A shekarar 2024 an fitar da sakamakon mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Kusan kashi 76 cikin ɗari ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika dubu tara ba a duk faɗin Nijeriya. A wannan shekarar mafi ƙarancin makin da aka yarda jami'a ta ɗauki ɗalibi da shi 140 ne, a 2025 aka mai da shi 150. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Uba ya ji ɗansa ya ci 210, ya ga ya wuce 150 nesa, sai ya fara karɓar barka a kasuwa. Alhali wannan ƙaramin maki na ƙasa baki ɗaya ne. Kowace jami'a tana da nata, kowane sashe kuma yana da nasa, na likitanci da haɗa magunguna su ne can ƙololuwa. Bayan haka akwai tantancewar da jami'o'i ke yi da kansu, wadda aka fara a 2005, ana haɗa sakamakonta da na JAMB kafin a jera sunaye.

Me ya sa kujerun likitanci ba su da yawa? Ba rowa ce ta jami'a ba. Majalisar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori a Nijeriya ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta horar, bisa yawan malamanta da kayan aikinta da girman asibitinta. Ɗalibin likita sai ya tsaya gaban majinyaci yake koyo, kamar yadda ake yi a asibitin koyarwa na Shika. Ba a cusa mutum ɗari biyar a bakin gado ɗaya.

Ma'auni na uku shi ne wanda mutane ba su cika sani ba. A jami'o'in Gwamnatin Tarayya kashi uku ake raba gurabe. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne, wato waɗanda suka fi maki ko daga ina suka fito. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafta cikin masu ƙarancin ci gaban ilmin zamani. Jihar Kaduna tana cikin yankin Jami'ar Ahmadu Bello, tana kuma cikin wancan lissafi na uku. Ke nan ɗan Kaduna yana da ƙofa uku. Amma kada wannan ya sa mu miƙe ƙafa. Sardauna ya kafa wannan jami'a a 1962 domin Arewa baki ɗaya, don haka yankinta yana da faɗi, masu haƙƙi irin namu suna da yawa ƙwarai.

Bari in kawo misali, amma ku sani lambobin nan nawa ne na ƙirƙira don bayani. A ce wani sashe yana da kujera 100, masu nema 3,000. Wani zai ce rabon kowa ɗaya cikin talatin ne. Ba haka ba ne, domin ba ƙuri'a ake jefawa ba. Wanda ya zo na 30 a jeri ya shiga ta ƙofar cancanta ba gardama. Wanda ya zo na 120 yana iya shiga ta ƙofa ta biyu ko ta uku in jiharsa tana ciki. Wanda ya zo na 1,500 kuwa, rabonsa ba ɗaya cikin talatin ba ne, kusan babu ne. Ashe abin da ya kamata mutum ya sani shi ne inda yake tsaye a jerin.

Ta yaya za mu san wannan alhali muna makarantar kwana? Ga hanyar da malaminmu ya koya mana. Ka samo tambayoyin shekarun baya, ka zauna lokacin karatun dare, ka sa agogo awa biyu, ba buɗe littafi, ba tambayar na kusa. Ka yi haka sau biyar a makonni dabam dabam, ka ba wani ya duba maka. Sa'an nan ka fitar da matsakaicin makin, ka kuma dubi mafi ƙanƙanta a cikinsu. Kada ka riƙe mafi girma ka ce shi ne kai, domin ranar jarrabawa akwai faɗuwar gaba da kwamfutar da hannu bai saba da ita ba. Daga nan sai ka gwada da makin da aka tsaya a kai a sashen da kake so cikin shekaru biyu ko uku da suka wuce. Wannan labari a sanarwar jami'a ake nemansa, ko wajen malamai da yayyenmu da ke ciki, ba wajen masu hira a tashar mota ba.

Amfanin wannan gwaji shi ne yana nuna inda rauni yake. A ce ɗalibi ya sami 62 a Turanci, 70 a Bayoloji, 58 a Kimistiri, 50 a Fiziks, jimla 240. In aka raba maki 100 ga tambaya 40, kowace tana da biyu da rabi. Ke nan in ya ƙara tambaya takwas kacal da yake amsawa daidai a Fiziks, ya ƙara maki 20. Wanda ya gano haka tun yana aji biyu na babbar sakandare yana da lokacin gyara. Wanda ya bari sai saura mako biyu kuwa, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuma mutum ya auna ya ga tazarar ta yi yawa, to, ba ƙarshen duniya ba ne. A nan Samaru akwai fannin likitan dabbobi, da injiniya, da aikin gona, da kimiyya zalla. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda asalinta ya faro tun 1922, ita ta fito da irin masara da wake da gyaɗa da dawa masu ɗauke da sunan da ya fara da SAM, waɗanda manomanmu ke shukawa. Wanda ya fito da irin da ke ciyar da gari bai gaza mai ba da magani daraja ba. Wanda kuma zuciyarsa ta kafe a kan fanni ɗaya yana iya bin shirin IJMB, wanda ita wannan jami'a ke kula da shi, ko makarantarta ta share fage da ke Funtuwa, ko ya sake zama jarrabawa da kyakkyawan shiri. Kuma a tuna, manyan jami'o'i sun fi kula wanda ya sa su a zaɓin farko, don haka kada a yi wasa da wannan gurbi wajen cika takarda.

Yanzu ga roƙona ga iyayenmu. Lokacin hutu nakan ji a Sabon Gari ana cewa wane yana da hanya, in an ba shi kaza zai samo wa yaro likitanci. Akwai iyayen da suka taɓa jarin shagonsu saboda irin wannan magana, daga baya mutumin ya ɓace ko ya kawo takardar bogi. Tun 2017 hukumar JAMB ta kawo tsarin da ake kira CAPS, wanda ta cikinsa ake tabbatar da kowane gurbi, kuma ɗalibi yana iya dubawa da kansa ya karɓa ko ya ƙi. Duk gurbin da bai bi ta nan ba, ba abin dogara ba ne. Kuɗin da za a ba ɗan damfara, gara a saya wa yaro littattafai da su, a kuma biya masa ya koyi aiki da kwamfuta lokacin hutu. Haka kuma ina roƙon Baba da Inna su dubi sakamakon yaro kafin su zaɓa masa fanni. Yaron da Allah ya ba basirar lissafi, in aka tilasta masa likitanci don a riƙa kiransa Dakta, ana iya rasa likitan a kuma rasa injiniyan.

Daga ƙarshe, 'yan'uwana, mu tsare kiredit ɗinmu biyar, mu gwada kanmu da agogo tun yanzu, mu gaya wa kanmu gaskiyar abin da muka samu, sa'an nan mu zaɓi fanni da idonmu a buɗe. Rabo na Allah ne, amma kowa ya ci zomo ya ci gudu.