Hular Masu Diro da Lema Ba Ta Keke Ba Ce

Idan ka ci karo da hular kwano ta masu dirowa daga jirgin sama a gwanjo, kada kyanta ya ruɗe ka. Yawancinsu an yi su ne don tare iska da ƙananan bugu, kamar gwara kai da ƙofar jirgi. Siririn soso ne kawai a ciki. Ta keke kuwa tana da soso mai tauri, irin na cikin kwalin talabijin, wanda ke murƙushewa ya shanye ƙarfin faɗuwa kan kwalta. Ta masu diro kuma ga toshe kunne, mota na hon ba ka ji, zafi kuma ya dafa ka. Kafin ka biya, juya hular ka nemi tambarin ingancin hular keke, wato CPSC na Amurka ko EN 1078 na Turai.