Amsoshin Tambayoyinku: Daga Bangon Titi Zuwa Galari

Malam Sani daga Gummi, Jihar Zamfara, ya aiko da tambaya yana son sanin ko mai zane a bango, ko a jikin manyan motoci irin masu zirga-zirga tsakanin Anka da Bukkuyum, zai iya kaiwa ga galari a ƙasashen waje.

To, Malam Sani, hakan ya taɓa faruwa. Galari dai zaure ne da ake baje zane-zane domin kallo da sayarwa, kuma mai galari dillali ne da ke haɗa mai zane da masu saye, ya ɗauki kasonsa. Misalin da ya fi fice shi ne Jean-Michel Basquiat, baƙar fata ɗan birnin New York na Amurka, wanda aka haifa a 1960, ya fara da rubuce-rubuce a bangayen titi da laƙabin SAMO, har wata mai galari, Annina Nosei, ta ba shi wurin aiki, inda yake zane a kan ƙyalle, abin da ake iya ɗauka a sayar, saɓanin bango. A 1982 aka baje aikinsa a Jamus, a babban taron baje zane-zane na Documenta, sai dai ɗaukakar ta zo da ɗaci, domin miyagun ƙwayoyi ne suka yi ajalinsa a 1988, yana ɗan shekara 27.

A 2017 an yi gwanjon wani zanensa a kan sama da dala miliyan 100. Mai sha'awar wannan sana'a, Malam Sani, yana iya neman sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.