DARASIN LAFIYA: RIGAR DA AKE SA WA ƘWAYOYIN HANJI MASU AMFANI

 

Ba kowace ƙwayar bakteriya ce cuta ba. Akwai masu amfani da ke zaune a hanjin ɗan Adam, suna taya narkar da abinci, suna hana miyagun ƙwayoyi samun wurin zama. Likitoci na kiran waɗanda ake sha domin ƙarin lafiya da suna furobayotik. Danginsu ne ke sa madara ta kwana ta zama kindirmo. A 2001 masanan hukumomin FAO da WHO suka gindaya musu sharaɗi: su kasance da rai, kuma a sha su da yawan da zai yi amfani.

To a nan gizo ke saƙar. Zafi na kashe su, iska na raunana wasu, sannan ruwan tumbi yana da tsami mai ƙarfi, a gabansa kuma ga ruwan maɗaciya. Da yawansu kan mutu kafin su isa babban hanji inda ake buƙatarsu. Shi ya sa masana suke lulluɓe su da riga, wadda ita ma daga abin ci ake yin ta.

Da me ake yin rigar?

1. Aljinet: daga ciyawar teku ake tatso shi. A kwaɓa ƙwayoyin a cikinsa, a riƙa ɗiga shi cikin ruwa mai sinadarin kalsiyam, sai ya daskare ya zama 'yan ƙananan duwatsu masu taushi. A tsamin tumbi rigar takan tsuke, idan ta isa hanji ta kumbura ta sake su.

2. Kitosan: daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Akan ƙara shi a kan aljinet don toshe 'yan ƙofofinsa.

3. Ƙaro: wannan namu ne, na itacen dakwara. Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi, sai Chadi da Najeriya, musamman Borno, Yobe da Jigawa. Yana kare ƙwayoyin lokacin da ake busar da su su koma gari, kuma a hanji ya zama abincinsu.

4. Furotin ɗin madara da sitaci.

5. Jelatin: a nan sai a buɗe ido. Daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, kuma kaso mai yawa na wanda ke kasuwar duniya daga alade ne. A duba kwali, a nemi mai shaidar halal ko kafson da aka yi da tsirrai.

Abin kiyayewa a gida:

• Kar a tauna kafson, kar a farke shi, sai in takardar maganin ta yarda. Wanda ya yage rigar ya zubar da kuɗinsa.
• Kar a sha da shayi ko koko mai zafi. Ruwa mai ɗan sanyi ya wadatar.
• Mai shan antibayotik ya ba da tazarar kamar awa 2.
• A ajiye a inuwa, in an ce firji to firji, a duba ranar lalacewa.
• Kindirmon gida a fara tafasa madarar, ta huce, sannan a zuba iri. Ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka.

Gargaɗi: yaro mai gudawa, ruwan gishiri da sukari da maganin zinc ne farko, a garzaya asibiti in ya galabaita. Jariri bakwaini da mai raunin garkuwar jiki kar a ba su sai da izinin likita.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A tura wa 'yan uwa domin su amfana.