Darasi na 14: Na'urar Gano Ƙarfe da Kuɗin da ke Binne a Ƙasa

Duk wanda ya taɓa shiga banki a Jos, ko filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang, ya ga mai gadi riƙe da wata 'yar na'ura yana shafa ta a jikin mutane. Idan akwai makulli ko wuƙa a aljihu, sai ta yi ƙara. Wannan na'ura tana da 'yar'uwa mai doguwar ƙota da faifai a ƙarshenta. A Turai da Amurka mutane da yawa sukan saye ta don sha'awa kawai, su fita gonaki ranar hutu suna neman tsofaffin kuɗin ƙarfe. To, zurfin nawa na'urar take kaiwa? Wasu suna zaton tana ganin duk abin da ke cikin ƙasa, alhali abin bai kai haka ba.

A cikin faifan akwai naɗin waya. Idan wutar batir ta bi ta cikinsa, sai ƙarfin maganaɗisu ya fita ya ratsa ƙasa. In ya tarar da ƙarfe, sai ƙarfen ya mayar da wata 'yar amsa. Wani naɗin waya na biyu shi ke karɓar amsar, na'ura kuma ta juya ta zuwa ƙara. Wato na'urar ba gani take yi ba. Kira take yi, sa'an nan ta saurara. Kiran yana raunana a kan hanyarsa ta zuwa, amsar ma tana raunana a kan hanyarta ta dawowa. Saboda haka idan abu ya yi nisa da faifai, kuma aka ninka zurfinsa sau biyu, amsar tana iya raguwa har sau 64.

Shi ya sa yawancin na'urorin da ake saye don sha'awa ba su jin kwandala guda in ta wuce zurfin santimita 20 zuwa 30. A ma'aunin gargajiya, taƙi ɗaya ke nan ko ɗaya da rabi, bai kai kamu ba. Masu wannan harka sukan ce zurfin da na'ura ke jin kwandala kusan daidai yake da faɗin faifanta. Babban faifai ya fi kaiwa nesa, amma ƙananan abubuwa sukan kuɓuce masa. Kwanciyar kuɗin ma tana da tasiri: wanda ya kwanta a kan fuskarsa ya fi wanda ya tsaya a kan gefensa bayar da amsa.

Bari mu ɗauki misali daga kuɗinmu na dā. A shekarar 1907 Turawan mulkin mallaka suka fara buga wa Nijeriya kwabo da anini, dukansu da huji a tsakiya. Anini goma ke yin kwabo ɗaya. Daga baya aka sami taro da sisi da sule. Da irin waɗannan kuɗi aka riƙa biyan leburorin da suka zo haƙar kuza a Jos da Bukuru da Barikin Ladi, kuma sunayen nan ba su bar kasuwa ba har aka kawo naira a 1973. Kwabo mai huji ya fi taro faɗi ƙwarai. Idan su biyu suka faɗi wuri ɗaya, ƙasa ta rufe su da zurfi ɗaya, na'ura za ta ji kwabon tun kafin ta ji taron, ko da yake taro ya fi shi daraja sau uku.

Sai kuma ƙasar kanta, wadda ita ce babbar matsalar mai nema a Filato. A wurare da yawa ƙasar ja ce, mai marmara, kuma jan nan daga tama yake. Irin wannan ƙasa ita ma tana amsa kiran na'ura. Ka kwatanta mutumin da ke ƙoƙarin jin raɗa a tsakiyar kasuwar Taminus da rana tsaka. Dole mai na'ura ya rage mata ƙarfin ji domin surutun ƙasa ya lafa, in ya rage kuwa, zurfin da take kaiwa ya ragu. Ga kuma tarkacen da ke cike da tsofaffin barikokin kuza: ƙusoshi, gwangwanaye, guntayen kwanon rufi. Kowannensu yana sa na'ura kuka, kuma sau da yawa ƙusa ɗaya takan danne amsar kuɗin da ke kusa da ita.

Idan kuɗin suna da yawa a wuri ɗaya, labari yakan canza, domin babban abu ana jinsa daga nesa. A watan Afrilu na 2010, wani mutum mai suna Dave Crisp yana yawo da na'urarsa kusa da garin Frome a Ingila, sai ya ji wata amsa. Ya tona kimanin santimita 35, ya tarar da bakin wata ƙatuwar tukunya. A ciki akwai kuɗin Rumawa guda 52,503. Abin da ya yi bayan haka ya cancanci yabo: ya mayar da ƙasa ya rufe ramin, ya kira masana, su suka kwashe kuɗin hawa-hawa suna rubuta abin da suka gani.

Kakanninmu ma sukan binne dukiya a tukunya, tun da babu banki a zamaninsu. Sai dai kafin zuwan Turawa yawancin kuɗin ƙasar Hausa wuri ne. Kalmar "kuɗi" kanta asalinta jam'in "wuri" ce. Wuri kuwa ɓawon wata halittar teku ne, babu ƙarfe a jikinsa. Na'ura za ta bi ta kan tukunya cike da shi ba tare da ta ce uffan ba.

Haka kuma ba za ta ji kayan tarihi mafi shahara da aka tono a wannan yanki ba. A 1928, a wani ramin kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, aka ci karo da wani kai na gasasshen yumɓu a zurfin ƙafa 24, wato mita bakwai da 'yan kai. Wannan ya ninka iyakar na'ura fiye da sau ashirin. A 1943 aka sami wani kan kusa da Jama'a. Ma'aikacin da ya ɗauke shi ya kafa shi a gonar doya a matsayin mutum-mutumi, kafin a kai wa Bernard Fagg a Jos. Shi ne ya lura kawunan biyu aikin al'umma ɗaya ne, wadda ta rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A 1952 aka buɗe gidan adana kayan tarihi na Jos.

Masana suna gane shekarun abu ne daga hawan ƙasar da yake kwance a ciki, da gawayin da ke kewaye da shi. Wanda ya fizge shi da gaggawa ya lalata wannan shaida, kuma haka masu tonon sata suka yi wa wuraren Nok masu yawa. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba. Wanda ya ci karo da su a gona ko wurin gini, hukumar zai sanar.

Ma'anar kalmomi

ƙota: icen da ake riƙe fartanya ko gatari da shi
taƙi: faɗin buɗaɗɗen hannu, daga babban yatsa zuwa na tsakiya
kamu: tsawo daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa
tama: dutsen da ake narkarwa a sami baƙin ƙarfe
raɗa: magana a hankali kusa da kunne

Tambayoyi

1. Me ya sa marubuci ya ce na'urar "kira take yi, sa'an nan ta saurara"?
2. Tsakanin kwabo da taro, wanne na'ura za ta fara ji? Don me?
3. Kawo dalilai biyu da suka sa na'urar ba za ta iya gano kan da aka samu a Nok ba.
4. Yi jimla da kowanne: *ci karo da*, *ce uffan*, *hawa-hawa*.

Aikin gida

Tambayi wani dattijo a unguwarku abin da anini ko sisi ke saye a zamanin ƙuruciyarsa. Rubuta amsarsa cikin jimloli biyar, ka karanta wa 'yan ajinku.