Yadda Mai Dabo Yake Sa Takarda Ta Tsaya A Iska

Darasinmu na wannan mako a kan masu dabo ne, waɗanda ake kira 'yan rufa-ido. Wanda yake zuwa cin kasuwa, ko a Kwanar Dangora ta Kiru, ko Bebeji, ko Tudun Wada, ko can Doguwa, wataƙila ya taɓa ganin taro an zagaye wani mutum, ya dunƙule takarda ya sake ta, ta tsaya a iska tsakanin hannayensa. Nan da nan sai ka ji ana cewa aljanu ne suka riƙe masa. To, zare ne.

Zaren na nailan ne, sili ɗaya tak, wanda bai kai gashin kai kauri ba. A Amurka aka fara haɗa nailan a 1935, amma dabarar ta girmi nailan nesa ba kusa ba. A 1584 wani Bature ɗan Ingila, Reginald Scot, ya rubuta littafi don ya nuna cewa irin waɗannan abubuwa ba maita ba ce. A ciki ya bayyana yadda ake ɗaura wa kwabo dogon baƙin gashin mace, a ja shi ya yi ta tafiya a kan tebur.

Ga yadda muke yi a kulob ɗinmu. Ka sami tsohuwar baƙar safa ta nailan, ka zaro zare ɗaya. Idan ka duba da kyau za ka ga siraran silika ne da yawa aka murɗe, sai ka ware guda ɗaya a hankali. Wannan ne wurin wahala, domin yana tsinkewa, kuma in ya faɗi ƙasa sai dai ka nemi wani. Ka manna bakinsa ɗaya a maɓallin rigarka da ɗan cingam, ɗaya bakin kuma a jikin takardar alewa. Ka ɗora zaren bisa babban yatsanka. In ka miƙa hannu gaba, takarda ta hau. In ka dawo da shi, ta sauka. Kada dai a yi da kuɗi, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana cukuikuye naira.

Me ya sa ido ba ya ganin zaren? Ido yana gane abu ne idan launinsa ya bambanta da na bayansa, ko idan ya yi ƙyalli. Shi ya sa mai dabo yake son riga mai duhu ko mai zane-zane, kuma yake tsayawa a inuwa. Ga kuma surutu. Yana magana, yana kaɗa hannun da ba ya aikin komai, kai kuwa can idonka yake.

Mu a wajenmu wasan ba shi da laifi in an san wasa ne. Inda ya ɓaci shi ne lokacin da mutum ya gama ɗaga takarda, sannan ya ce kawo kuɗinka ya ninka maka, ko ya fito da laya ya ce ka saya. Wannan damfara ce. Da yana iya ninka kuɗi, me zai zaunar da shi a ƙurar kasuwa? Sannan 'yan sane suna son irin wannan taro, domin kowa ya saki baki ya manta da aljihunsa. Yaron da aka aika da kuɗin cefane shi ya fi shiga uku.

Hanyar gwaji mai sauƙi ce: ka roƙe shi cikin ladabi ya fito rana, ko ya bari ka wuce da hannunka ta saman takardar. Sai ka ji uzurin da zai kawo.

Wanda yake son ya koya, ya same mu ranar Laraba bayan an tashi. Ya taho da safarsa, namu zaren ya kusa ƙarewa.