Me ya sa masu binciken magani a Amurka ke kukan kuɗi?

Tambaya: Na ji a rediyo masana a Amurka suna kuka da ƙarancin kuɗin binciken cututtuka. Ƙasa mai arziki haka, ina matsalar take? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Zariya.

Amsa: Kuɗi kam akwai, a wajen rabo ake faɗa. Hukumar NIH, mai hedikwata a Bethesda ta jihar Maryland, ita ce uwa ma ba da mama ga binciken lafiya a can. Tana samun sama da dala biliyan 45 a shekara, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari jami'o'i da asibitoci take raba wa.

To, kasafin Amurka gida biyu ne. Akwai na dole, irin fanshon tsofaffi da inshorar lafiyarsu, wanda da wuya a taɓa. Akwai kuma wanda majalisa ke tsarawa duk shekara, nan NIH take. In aka ce a tsuke bakin aljihu, nan wuƙa ke fara sauka.

Haka aka yi a 2011. Bayan sa-in-sa kan bashin ƙasa tsakanin Shugaba Obama da 'yan Republican, aka yi dokar da ta ƙayyade wa wannan kaso iyaka na shekara goma. Kwamitin da aka ɗora wa rage giɓin kasafin ya kasa daidaitawa, sai a Maris 2013 yanka ya faɗo kan mai uwa da wabi. NIH ta rasa kashi 5, wajen dala biliyan ɗaya da rabi.

Kashi biyar, za ki ce ai ba komai. Amma leƙa ɗakin gwaji: ga firiza cike da jinin marasa lafiya da ba a isa a kashe ba, ga ɓerayen da aka yi shekaru ana kiwo, ga ɗalibin digiri na uku da albashinsa ke rataye da tallafin. In ya gaji ya koma kamfani, ba ya dawowa. A shekarar 2013, cikin masu neman tallafi shida, ɗaya ne kawai ya samu, alhali shekara goma kafin nan kusan ɗaya cikin uku ne.

Kada ki ɗauka gobarar maƙwabci ce mai nisa. Gwajin da aka yi a Kano na kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki da maganin hydroxyurea, da tallafin NIH aka yi shi.